Suna Ɗaya a Takardar Sallau

To, ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Labarin yau babu gizo babu ƙoƙi a cikinsa, mutane ne irinmu masu cin tuwo da miyar kuka. In na kai ƙarshe kuma ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke, don haka kowa ya buɗe kunne.

A wani gari na manoman auduga, can kan hanyar da ta bar Funtuwa ta nufi Gusau, an yi wani mutum ana ce masa Sallau Mai Hoto. Shekara ashirin da ɗoriya yana bin biki da suna da saukar karatu, kyamara a kafaɗa. Da wuya a sami amaryar da aka kai ɗaki a garin nan bai ɗauki kukanta ba. Da haka yake ci da iyalinsa, ba yabo ba fallasa. Amma abin da ke ransa daban ne. So yake, kafin ƙasa ta rufe masa ido, ya yi fim guda ɗaya tak, irin wanda mutum zai kalla ya tashi bakinsa a bushe, ya kwana biyu yana juya shi a rai.

Kayan aikinsa kuwa, in na lissafa muku sai ku yi dariya. Kyamara ɗaya da ta gaji da biki, fitila biyu, ɗaya sai an ɗaure ta da roba take tsayawa, da janareta mai tari kamar tsohon da ya sha taba tun yana saurayi. Ya taɓa shiga mota ya je Kano wajen masu zuba jari a harkar. Suka saurare shi, sannan ɗaya ya ce, "Waƙa nawa ce a ciki?" Ya ce babu. "Wace jaruma za ka saka?" Ya ce babu ko ɗaya. Suka ba shi ruwan sanyi, suka raka shi bakin ƙofa da fatan alheri.

Ya dawo gida ba ko sisi. Amma fim ɗin ya yiwu, kuma mutum uku ne suka sa ya yiwu.

Ta farko ita ce Baraka, 'yar yayar mahaifiyarsa. Ta girme shi da shekara shida, tun yana yaro Yaya yake ce mata. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a kotu kafin ta yi ritaya, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a gefen gidan ubanta. Duk labarin da Sallau ya rubuta ita yake fara kai wa. Sai ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Wannan a fim ɗin wasu ka gan shi." Ya sake wani, ta sake faɗar haka. Rannan bayan la'asar, da ta ga ya kusa fid da rai, sai ta shiga ɗaki ta fito da wani littafin makaranta da bangonsa ya yi laushi don tsufa, ta ajiye masa a cinya.

Ga abin da ke ciki. Shekara arba'in da suka wuce, an tsinci gawar wani mai awo cushe a cikin buhun auduga, a siton wani attajiri. Mai awon ya gano an taɓa sikelin ana zaluntar manoma, ya kuma ce zai tona. Aka ɗora kisan a kan wani ɗan dako, baƙo, wanda ba shi da kowa a garin. Maigadin siton ya dafa Alƙur'ani ya ce da idonsa ya gan shi. Ɗan dakon ya mutu a kurkuku. Wanda ya yi kisan kuwa, yaron attajirin ne na hannun dama, ya ci gaba da yawonsa a gari yana gaisawa da mutane har tsufa ya ɗauke shi.

Sallau ya ɗago kai ya ce, "Yaya, a ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Maigadin nan Babanmu ne."

Ya rufe littafin. Ta ce, "Ni kaɗai ke wurinsa a kwanakinsa na ƙarshe. Ya riƙe hannuna ya ce in nemo dangin mutumin nan in roƙa masa gafara. Shekara tara ina nema, ko sunan ƙauyensu ban samu ba. In ka yi fim ɗin, ko ba komai an faɗa. Sai dai kada ka sa sunana."

Ba labarin kaɗai ta ba shi ba. Ita ta rubuta duk maganar da ke bakin 'yan wasa, domin shekara talatin tana jin yadda maƙaryaci ke magana a gaban alƙali, ta san inda yake yin tari, ta san inda yake cika rantsuwa. Suka sa wa fim ɗin suna Buhu na Goma Sha Uku. Sun yi rigima sau ɗaya, a kan ƙarshensa. Sallau yana so 'yan sanda su zo su cafke mugun, mutane su tafa. Baraka ta karɓe littafinta ta kulle a akwati, ta ce, "Ban ba ka don ka yi wa Baba ƙarya ta biyu ba." Mako biyu yana sintiri a ƙofarta kafin ya sauko. Aka bar mugun ya fita daga kotu yana gyara hula.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. An canza sunaye, an canza gari, amma da fim ɗin ya fita, tsofaffin garin ba su kai rabi ba suka gane. 'Yan'uwanta maza kuma sun san wanda ke gefen uban a lokacin jinya. Babban wansu ya zo ya tsaya daga ƙofa, ko zama bai yi ba, ya ce, "Baraka, kin tone kabarin ubanmu kin shanya a kasuwa." Daga ranar suka gina katanga tsakanin sashenta da nasu. Da aka zo aurar da 'yar wan nata, yarinyar da ita ta yi mata wankan jego tana jaririya, ta bayan katanga ta ji guɗa.

Na biyu shi ne Jatau mahauci, abokin Sallau tun suna makarantar allo. In kuna neman mutum mai sanyin hali a garin nan, to an gama da Jatau. Shi ke kiran salla a ƙaramin masallacin mahauta, kuma mata sun fi son teburinsa saboda ba ya tauye awo, ga gyara. Shi bai san komai game da fim ba. Abin da ya kawo shi wurin ɗauka, tukunyar dafaffen nama ce da yake kawo wa ma'aikata kyauta saboda abota.

Sallau ya samo wani ɗan wasa daga birni wanda zai fito a mugun. Mutumin ya zo, ya ga masauki, ya ga janareta, ya kwana ɗaya, da safe ya ce zai je sayen katin waya. Har yau bai dawo ba. Ga tsohon siton da aka ara na kwana ashirin kacal, ga mutane sun taru, ga rana tana yi. Sallau ya zauna a kan buhu ya dafe kai. Sai ya ji Jatau yana ce wa wani lebura, "Sannu, ci mana, ai kai ka fi kowa wahala," da wannan murya tasa mai taushi. Sallau ya ɗago ya zuba masa ido. Ya tuna a littafin Baraka an ce mugun bai taɓa ɗaga murya ba a rayuwarsa.

Jatau ya ce, "A'a, Sallau, rufa mini asiri. Ni da ko ƙarya ban iya ba?"

Sallau ya ce, "Ba na so ka iya komai. Yadda kake magana, haka za ka yi."

Ya yarda don kada aikin abokinsa ya rushe. Abin da ya fito a kyamara kuwa, shi kansa Sallau sai da tsigar jikinsa ta tashi. Mugu mai murmushi, mai tambayar lafiyar iyali, mai cewa "sannu" kafin ya yi abin da zai yi. Akwai inda yake wanke hannu a buta bayan kisan, a hankali, yatsa bayan yatsa, kamar yadda mahauci ke yi in ya tashi daga aiki. Ba wanda ya koya masa wannan.

A kwana na goma sha ɗaya, akwai fitowar da zai diro daga bayan babbar mota tana tafiya. Ba su da wanda zai yi a madadinsa. Ya diro, ƙafa ta faɗa rami, ƙashin cinya ya karye, har na nesa suka ji ƙarar. Mai ɗori ya ce wata biyu ba motsi. Saura kwana tara a karɓe sito. Jatau ya sa aka ɗauko shi a amalanke, aka rufe karan ɗorin da babbar riga, ya ƙarasa sauran fitowarsa a zaune, gumi na tsattsafo masa, yana murmushin nan. Ƙashin bai koma daidai ba. Har gobe da ɗingishi yake tafiya.

Ƙafar ma da sauƙi. Da aka haska fim ɗin a gidan kallon ƙwallo, ya kuma bazu a wayoyi, sai garin ya kasa raba Jatau da mutumin da ya fito a matsayinsa. In ya ce wa mace "sannu" a bakin tebur, sai ta ja mayafi ta wuce gaba. Yara suna hango ɗingishinsa sai su watse. Wasu suka ce ai ba a iya irin wannan da wasa, dole akwai abin a zuciya. Dattawan masallaci suka same shi da lalama suka ce ya huta da kiran salla saboda ƙafarsa. Ya san ba ƙafar ba ce. Ya miƙa makullin lasifika, ya koma sahun baya.

Na uku shi ne Mamuda, mai gyaran waya da kwamfuta a layin 'yan lantarki, magidanci mai 'ya'ya biyar. Shi ya karɓi aikin tace fim ɗin, wato jera hotunan da haɗa su da sauti har su zama labari. Duk abin da aka ɗauka a kwana ashirin ɗin nan yana cikin wata 'yar na'urar ajiya da ba ta wuce tafin hannu ba, a shagonsa. Kwafi na biyu babu, don ba su da na'ura ta biyu.

Wata Juma'a, mutane suna masallaci, wuta ta tashi a layin. Kafin a sallame ta ci shago huɗu ta kama na Mamuda. Ya iso a guje, mutane suka riƙe shi, ya fizge. Wayoyin mutane suna ciki, kwamfutarsa tana ciki, kayan aikin da ya tara shekara goma sha biyar suna ciki. Bai ɗauko ko ɗaya ba. Ya fito da 'yar na'urar nan a ƙunshe cikin rigarsa, hannayensa biyu sun saɓule. Da ya warke, yatsu uku na hannun dama suka ƙi lanƙwasuwa. Mai gyaran waya kuwa da yatsu yake ci. Ƙaramin noti ma ya gagare shi ɗauka.

Da aka buɗe na'urar, hotuna sun tsira, amma zafi ya lalata fiye da rabin sautin. Baki na motsi, ba a jin komai. A sake tara 'yan wasa ba zai yiwu ba, an ma rushe siton. Ranar Sallau ya ce, "Shi ke nan. Allah bai nufa ba." Ya ɗauki kyamararsa ya koma bin biki, ya hana kowa yi masa maganar fim.

Mamuda bai bari ba. Ya ari tsohuwar kwamfuta, ya zauna a zauren gidansa wata bakwai yana aiki da hannun hagu. Inda magana ta ɓace kuma ba dole ba ce, sai ya bar wurin shiru. Ya bi gari da 'yar rakoda yana tattaro ƙara: kukan sikeli in an ɗora buhu, takun silifa a kan siminti, zubar ruwan buta, kukan kurciya da tsakar rana. Ya yanke kusan rabin abin da Sallau ya ɗauka, ya ɗauko kisan da ke can gaba ya kai farko, har mai kallo ya san mugun tun daga minti na biyar, ya zauna yana jiran a kama shi, ba a kama ba. Da ya gama ya kira Sallau ya kunna masa. Sallau ya kalla har ƙarshe, ya ga fim ɗin da ya fi wanda ke kansa.

'Yan kasuwar fim suka ƙi saye, suka ce wa zai biya kuɗi ya kalli shiru? Shi ya sa aka ƙare a gidan kallon ƙwallo. Mamuda ne kuma, ba da sanin kowa ba, ya sami wani malamin sakandare ya fassara maganganun, ya aika fim ɗin wani bikin fina-finai da ake yi a wata ƙasa mai nisa.

Bayan wata biyar saƙo ya zo. An zaɓi Buhu na Goma Sha Uku. Masu sharhi a can suka yi ta rubutu a kansa. Wannan ya yabi ƙarshen da bai yi wa kowa daɗin baki ba. Wancan ya ce bai taɓa ganin mugu mai ban tsoro kamar wannan mai tattausar murya ba. Wata ta cika shafi guda a kan shirun fim ɗin kaɗai. Har hasken rana tsaka da aka yi komai a cikinsa suka yaba, ba su san rashin fitilar kirki ya jawo ba. Aka aiko da tikitin jirgi, na mutum ɗaya, da sunan darakta.

Ranar tafiya su ukun suka raka shi tasha. Jatau ya ba shi ƙunshin kilishi. Mamuda ya nuna masa yadda zai kunna fim ɗin in na'urarsu ta ƙi. Baraka ta ja shi gefe ta ce, "Sallau, yanzu kam kana iya faɗar sunana. Abin da nake tsoro ya riga ya faru." Ya ce, "Yaya, ai da ke zan fara." Ya rubuta sunayensu uku a takarda ya sa a aljihun gaba.

Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin. Aka kira Sallau Mai Hoto, mai bin biki da suna, ya hau dandamali, ɗaruruwan mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Mutumin da aka raka bakin ƙofa da ruwan sanyi, yau ga shi. Wani abu ya cika masa ƙirji wanda bai taɓa ji ba. Aka tsayar da tafinta kusa da shi, aka fara tambaya.

Aka ce, a ina ya samo labarin? Ya ji bakinsa ya ce, "Ya daɗe a zuciyata." Aka tafa. Aka ce, wannan ɗan wasa fa? Ya ce, "A kasuwa na tsinto shi, ni na koya masa komai." Aka yi dariya, aka tafa. Aka ce, shirun nan fa, yaya aka yi ya yi wannan tunani? Nan ya ɗan tsaya. Takardar tana aljihunsa, yana jin gefenta a ƙirji. Ya ce, "Tun farko haka na tsara shi."

Magana zarar bunu ce. Kafin jirginsa ya sauka, bidiyon jawabin ya riga shi isa gari.

Da ma sun zage shi, da ya fi masa sauƙi. Jatau ya zo yi masa sannu da zuwa, ya ce, "Barka da hanya, darakta." Tun suna yara bai taɓa kiransa da wani abu ba sai Sallau. Baraka ta ce, "Ka yi kyau a hoton," ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Mamuda ya ɗauki lambar da hannun hagu, ya juya ta, ya ajiye, ya ce yana da uzuri. Sallau ya ce a ransa gobe zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri. Gobe ta zo, kunya ta hana. Ya ce bari ƙura ta lafa. Kullum jinkirin yana ƙara wa maganar nauyi, har ya zama in ya hango ɗingishin Jatau sai ya canza layi. Da haka shekara uku ta wuce. Bai sake yin wani fim ba. Ya gwada, ya zauna da biro da takarda, ya tarar babu komai a kansa sai irin labaran da Yayarsa ke mayar masa.

Sannan ciwon suga ya taɓa masa ido. Da farko kamar hazo, daga baya fuskar amarya ma ba ya iya rarrabewa a kyamara. Likita ya gaya masa gaskiya, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya rataye kyamarar, ya koma zaman zaure.

Yana wannan hali wasiƙa ta zo daga masu bikin nan. Matarsa Hansai ta kai wa malamin sakandaren ya karanta musu. Sun ce fim ɗin yana cikin waɗanda suke koyar da ɗalibai da su yanzu. Suna gayyatar wanda ya yi shi ya zo ya zauna shekara guda a makarantarsu, a ba shi kayan aiki sababbi da ma'aikata, ya yi fim na biyu, kayan kuma su zama nasa in zai dawo.

Sallau ya yi kuka ranar, irin na babba, marar sauti. Ya sa malamin ya zauna, ya yi masa shifta. Ya faɗi komai: wadda ta rubuta, wanda ya karye, wanda ya ƙone, da ƙarya ukun da ya yi a kan dandamali. Ya ce shi ido ya tafi, ya roƙa a karɓi su ukun a madadinsa. Amsa ta dawo bayan mako uku. Sun gode da gaskiyarsa, sun yi masa jaje. Amma gurbi ɗaya ne, ba su da ikon ƙarawa. Sun ce ya rubuta sunan mutum ɗaya, wanda a ganinsa fim ɗin ya fi tsayawa a kansa, ya sa hannu, ya mayar kafin ƙarshen wata. In bai mayar ba, gurbin ya wuce ga wata ƙasa.

Ya aika Hansai ta kira su. Suka zo da hantsi, suka zauna a zaurensa, karo na farko da su huɗu suka haɗu tun ranar tasha. Ba ya ganin fuskokinsu, sai inuwa uku. Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa, ya ce, "Na ci amanarku a gaban duniya, na kuma kasa zuwa in ce ku yafe. Ba ni da hujja. Daɗin tafi ne ya ɗauke ni." Suka ce sun yafe, duniya da lahira, kuma da gaske suke. Sai dai yafiya ba ta rushe katanga, ba ta miƙe ƙafa, ba ta lanƙwasa yatsa. Ya gaya musu abin da ke cikin wasiƙar, ya ce su zaɓa a tsakaninsu.

Baraka ce ta fara. Ta ce, "Ni ba zan yi kawaici ba, na tsufa da wannan. Ba don littafina ba, me za ku ɗauka? Na ba da ubana, na ba da 'yan'uwana. Kuma ina da wani littafin a akwati, wanda ya fi wancan. In ban yi shi yanzu ba, da shi za a binne ni."

Jatau ya gyara ƙafarsa ya ce, "Yaya Baraka, gaskiya kika faɗa. Amma littafi ba ya tsorata kowa sai ya sami fuska, tawa kuwa aka ɗauka, ba a dawo mini da ita ba. In na je can na dawo, gari ya ji manyan duniya sun kira ni a kan gwaninta, ko an yarda wasa na yi. Ni ba kayan nake so ba. So nake in ce wa yaro sannu ya amsa."

Mamuda ya dubi hannunsa ya ce, "Ku duka kun yi. Amma abin da kuka yi toka zai zama ranar Juma'ar nan. Bayan wutar ma, shi kansa mai fim ɗin ya ce a bari. Da ban aika ba, ba bikin, ba lamba, ba wannan wasiƙa. Sana'ata ta tafi. Wannan aikin kaɗai ya rage da zan iya yi da hannu ɗaya, ga yara biyar."

Ba wanda ya ƙaryata wani, ba wanda ya janye. Baraka ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Sallau, a kan dandamali kai ka yi magana kai kaɗai. Wannan ma kai za ka yi. Duk wanda ka rubuta, ba za mu yi jayayya ba." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, yana jin takunsu har ya ɓace.

Suka bar shi da takarda a cinya da biro a hannu. Saura kwana huɗu wata ya ƙare. In ya tuna Yayarsa a bayan katanga, sai ya ce ita ce. In ya tuna abokinsa a sahun baya na masallacin da ya yi shekaru yana kiran salla a cikinsa, sai ya ce shi ne. In ya tuna Mamuda yana shiga wuta ya bar dukiyarsa ya ɗauko ta wani, sai hannunsa ya tsaya. Da na sani ƙeya ce, kuma ya san ko wa ya rubuta, ya sake cin amanar biyu.

To, jama'a, ga biro na miƙa muku. Baraka da ta ba da labari ta rasa dangi, Jatau da ya ba da fuska ya rasa ƙafa da mutunci, Mamuda da ya fid da fim daga wuta ya rasa hannu da sana'a: sunan wa ya kamata Sallau ya rubuta?